Dubai: Albashi ba haraji, amma haya na cinye aljihun magidanta

A Dubai ma'aikaci kan karɓi albashinsa cif-cif, domin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta cire harajin albashi. Sai dai ga magidancin da ya ɗauko iyalinsa, lissafin wata yakan fara ne daga kuɗin haya.

Masu gidaje da dama ba sa karɓar haya wata-wata. Sukan nemi a rubuta musu cek ɗaya zuwa huɗu na shekara guda, tun kafin a tare. Hukumar birnin ita ma tana karɓar kashi 5 cikin 100 na hayar shekarar, wanda ake rarrabawa cikin takardar kuɗin wuta da ruwa ta DEWA.

Doka ta ba mai albashin dirhami 4,000, wato kusan dalar Amurka 1,090, damar ɗauko mata da 'ya'ya, amma inshorar lafiyarsu da kuɗin makaranta suna wuyansa. Tun 2018 kuma cefane ma bai tsira daga harajin kashi 5 ba.

Wannan ne ya sa iyalai da yawa ke kama gida a Sharja ko Ajman, inda haya ke da rangwame, maigida ya riƙa yin sammako cikin cunkoson motoci domin ya isa wurin aiki a Dubai.