Inji Ma Yana Tsufa: Yadda Ake Lissafin Zaizayar Darajar Kayan Masana'anta

Gabatarwa

Na taɓa yin hutu a Zangon Agege da ke Legas, wurin kawuna mai ɗan gidan burodi. Wata rana injin kwaɓa fulawarsa ya tsaya cak. Sai na ji yana cewa, "Shekara biyar ina cin riba, amma yau ba ni da kuɗin wani." Ashe rabin abin da yake kira riba jarinsa ne yake ci. Injin yana zaizayewa kullum, shi kuwa bai taɓa sa wannan a lissafi ba. Wannan shi ne abin da zan kira zaizayar daraja, kuma akantoci na da hanyoyi uku na auna ta, waɗanda ƙa'idar IAS 16 ta ambata.

Mu ɗauka an sayi inji a kan N1,100,000, zai yi aikin shekara 5, sannan 'yan gwangwan su saye shi N100,000. Ke nan abin da zai zaizaye N1,000,000 ne.

Hanyar Raba-daidai

A nan ana raba miliyan ɗayan nan gida biyar, kowace shekara a cire N200,000 daga riba. Ita ce mafi sauƙi, sai dai tana ɗaukar sabon inji da tsoho tamkar ɗaya.

Hanyar Bin-saura

Ana cire wani kaso, misali 40 cikin ɗari, daga darajar da ta rage. Shekarar farko N440,000, saura N660,000. Ta biyu N264,000, saura N396,000. Haka za a yi ta tafiya. Wannan ta dace da kayan da ke saurin faɗuwa tun suna sababbi, kamar motar rarraba burodi.

Hanyar Bin-aiki

Ita ba ruwanta da shekara. In injin zai kwaɓa buhu 10,000 a rayuwarsa, kowane buhu ya ci N100. Shekarar da aka kwaɓa buhu 3,000 sai a cire N300,000. In kasuwa ta yi sanyi, abin cirewa ya ragu.

Kammalawa

Mai karatu zai lura cewa duk hanyoyin kusan wuri guda suke zuwa, bambancin kawai a wace shekara nauyin zai fi faɗawa. Amma a kula: rubutawa a littafi ba ajiye kuɗi ba ne, dole a ware su. Kuma lissafin yana bin farashin saye ne, alhali tun da darajar naira ta faɗi a 2023, injin waje ya ƙara tsada matuƙa. Don haka mai hankali zai ware fiye da abin da littafi ya nuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗaliban harshe kuwa, aikinmu ne mu sama wa irin wannan ilimi sunayen Hausa. Waɗannan ukun shawarata ce, ƙofar gyara a buɗe take.