Wa Ya Ce Gyaran Firij Na Wanda Boko Ya Ƙi Ne?

A gidajenmu da yawa, da zarar sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, akan yi wani rabo ba tare da an zauna shawara ba. Yaron da ya ci, jami'a za shi, ko da me za a ba shi ya karanta. Wanda bai ci ba kuwa sai a ce, "A kai shi shagon wane ya koyi gyaran firij da fanka, tunda kansa ba ya ja." Iyayen da ke yin haka ba su da wani mugun nufi. Sun ga zamanin da takardar digiri kaɗai ke kai mutum ofis, ta ba shi gida da bashin mota, kuma kowa na so ɗansa ya fi shi. Ina ganin girmansu, amma a wannan magana ban bi su ba, domin rabon yana cutar da shagon gyara, yana kuma cutar da ajin jami'a.

Mu fara da shagon. Ka kai firij ɗinka da ya daina sanyi, kafin a kwance ko noti ɗaya za ka ji an ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." To, gas ɗin firij ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. A rufe yake, yana zagayawa cikin bututu daga kwamfureso ya koma kwamfureso, shekara da shekaru. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya san aikinsa zai bi mahaɗar bututun da kumfar sabulu har ya ga inda take tasowa, ya liƙe wurin, ya zuƙe iska da danshin da suka shiga ciki da injin zuƙa, sannan ya zuba gas gwargwadon nauyin da aka rubuta a jikin firij ɗin. Wanda bai sani ba zai ɗura kawai ya karɓi kuɗinsa, bayan wata biyu ka dawo. Ba lallai ne macuci ba ne. Sau da yawa abin da ya ga maigidansa na yi ke nan, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa dalili.

Gas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin firij suna aiki da R-12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda yana lalata rufin sararin samaniya da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa. Aka koma R-134a, shi ma daga baya aka gane yana ƙara ɗumamar yanayi, har aka yi gyaran yarjejeniyar a Kigali a 2016 don rage irinsa. Yawancin sababbin firij na gida yanzu R-600a suke ɗauka, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Yaron da zai kusanto irin wannan bututu da wutar walda ba tare da ya karanta abin da ke rubuce a bayan firij ba, ransa yake wasa da shi, da na maƙwabtan shago. Haka na'urorin sanyaya ɗaki na zamani da injinan wanki, duk allon lantarki ke sarrafa su. Ga inbata da batiran sola da suka cika gidaje tun da wutar Nepa ta zama sai an gani. Wanda zai gyara waɗannan dole ya iya karanta zanen waya, ya iya riƙe mita ya auna ƙarfin wuta, ya san lissafin da zai gaya masa ko kafasito ne ya mutu ko waya ce ta ƙone. Yanzu a ce wannan aikin ne muka ware wa yaron da muka yanke hukuncin ba ya gane lissafi?

Kuma ba a rasa makarantun abin ba. Akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, irin na Wudil da Bagauda a Jihar Kano, inda ɗalibi ke rubuta jarrabawar NABTEB a fannin sanyaya ko haɗa wutar lantarki. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samu wannan matsayi a 1968. Hukumar NBTE da ke kula da irin wannan karatu a duk Nijeriya an kafa ta a 1977, kuma hedikwatarta a Kaduna take, a ƙofar gidanmu. Wanda ya koya a shago ma yana iya yin gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ya samu shaida.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Wasu daga cikin kwalejojin nan ɗakunan aikinsu sun zama kufai. Waɗanda suka yi ƙaramar sakandare bayan an shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980 suna tuna injinan koyon sana'a da aka kawo daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu don babu wuta, babu malamin da zai kunna su. Mai babbar difloma kuma ya daɗe yana kukan ana fifita mai digiri a kansa a aikin gwamnati. Akwai kuma tsofaffin masu gyara da ba su taɓa shiga aji ba, amma daga ƙarar kwamfureso za su gaya maka ciwonsa. Ba na raina su. Sai dai ka tambaye su, za su gaya maka yaron da ya zo da karatunsa ya fi saurin kama hannu, kuma shi ake miƙa wa sabon kaya idan ya zo da takardar bayani.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika magana a kansa ba. Idan aka ce jami'a dole, ko me za a karanta, ina yaran ke ƙarewa? Wanda ya nemi aikin lauya ko jarida makinsa bai kai ba, sai a tura shi Tarihi, ko Hausa, ko Adabin Turanci. Ya shiga yana ƙunƙuni, ya yi shekara huɗu yana haddar takardun malami, ya fito bai taɓa karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba. Sai jama'a su nuna shi su ce, "Kun ga amfanin karatun tarihi." Alhali fannin da ya fitar da Dokta Yusufu Bala Usman a Jami'ar Ahmadu Bello ba wurin ajiye waɗanda aka rasa inda za a kai su ba ne. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, cike yake da takardu da rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami masu jiran wanda zai zauna ya karanta su da haƙuri. Wannan aikin na mai sha'awa ne, wanda zai iya wuni a kan shafi ɗaya. Tura masa wanda zuciyarsa ke wajen kwance rediyo zalunci ne ga yaron da kuma fannin.

Yara kan nuna inda suka dosa tun da wuri, mu ne ba ma dubawa. Wani tun yana aji uku ya kwance fankar ɗakin mahaifiyarsa ya mayar, ta ci gaba da juyawa, ya sha faɗa a kai. Wata kuma ba ta barin kakarta ta yi barci sai ta ji labarin yadda garinsu ya kafu. Idan na farkon ya ci jarrabawa da kyau, a bar shi ya cike kwalejin kimiyya da fasaha a takardar JAMB ba tare da an yi masa kallon wanda ya yi asarar maki ba. Ta biyun kuma ta sa Tarihi a zaɓinta na farko, da hannunta. Wanda bai ci jarrabawar ba, in za a kai shi shago, a haɗa masa da darasin lissafi da karatu da yamma, kuma a tambayi maigidan shagon ko yana da injin zuƙe iska da sikelin auna gas kafin a damƙa masa yaro.