Batirin Fitilar Kyamara da Zafin Sakkwato

Fitilar kyamara takan zuƙi wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan kafin ta sake walƙawa. Shi ya sa batirin NiMH mai volt 1.2 ya fi alkalin mai volt 1.5 saurin cika ta, domin wuta tana fita daga cikinsa ba tare da turjiya sosai ba.

Sai dai a Sakkwato, inda zafin Afrilu yakan haura digiri 40, cajin batiri yakan tsiyaye ko yana ajiye. Mai ɗaukar hoton hawan salla gara ya nemi Eneloop, wanda Sanyo ya fitar a 2005, don ya fi riƙe caji. Caja kuwa, a sayi mai yanke wuta da kanta in batiri ya cika. Mai araha takan gasa shi har ya lalace.