Keke ko kabu-kabu: Abin da ke tsakanin yaran karkarar Maradi da makaranta

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, duk wanda ya tsaya bakin babbar hanyar RN1 a garin Aguie zai ga abu biyu: manyan motoci masu nufar Damagaram, da kuma ɗalibai a gefen kwalta, wasu a ƙafa, wasu biyu-biyu a kan keke guda. Haka abin yake a Gazawa da ke gabas, haka yake a Gidan Runji da ke yammacin Maradi. Wannan hanya ce ta ratsa gundumomin uku, amma yawancin ƙauyukansu na nesa da ita.

A nan matsalar take. Makarantar firamare ta kai ƙauyuka da yawa, kwaleji kuwa sai a garuruwa masu girma. Yaron da ya gama firamare, ko dai ya riƙa takawa kilomitoci kullum, ko a nema masa wanda zai riƙe shi a gari, ko kuma ya zauna gida.

Ranar keke ta duniya

A watan Afrilun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Tun daga lokacin, a birane da dama ana shirya jerin gwanon masu keke domin jan hankalin ma'aikata da ɗalibai su ajiye mota. Hujjarsu ita ce lafiyar jiki, cunkoso da hayaƙi.

A karkarar Maradi lissafin daban ne. Babu motar da za a ajiye. Tambayar ita ce yadda malamin makaranta, ma'aikacin asibiti ko ɗaliba za su isa inda za su kan lokaci ba tare da kuɗin abinci ya tafi a mai ba.

Mai ya daina araha

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun hau Raleigh da Phoenix, sun kai gero kasuwa a kansu, kafin babura 'yan China su cika gari, kabu-kabu ya zama sana'a. Man da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa, shi ya riƙe wannan harka shekara da shekaru.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, farashi ya tashi nan take. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. A Maris na 2025 kuma ƙasar ta shiga ƙarancin mai, duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011. Duk lokacin da haka ta faru, mai keke ne kaɗai ba ya bin layi.

'Yan mata ne a baya

Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Nisan makaranta na cikin abin da ke sa iyaye yanke hukunci, domin ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta kwana gidan wani ba. A Gidan Runji akwai ƙarin fargaba: tun 2019 yankin ke karɓar 'yan gudun hijira da suka tsere wa 'yan bindiga daga Zamfara, Sakkwato da Katsina.

An gwada keke a wasu ƙasashe. Jihar Bihar ta Indiya ta soma bai wa 'yan matan sakandare keke a 2006, bincike kuma ya gano shigarsu makaranta ta ƙaru da kashi 32 cikin 100. A Zambiya, inda ƙungiyar World Bicycle Relief ta raba kekuna, fashin zuwa aji ya ragu da kashi 28. Ko a maƙwabciyarmu Burkina Faso, mace a kan keke ba abin kallo ba ce.

Rairayi, tsidau da manyan motoci

Sai dai raba keke kaɗai ba ya isa. Ƙasar nan jigawa ce, rairayi na kama taya har sai an sauka an tura. Tsidau da ƙayar itatuwa na huda taya, kuma idan babu mai faci a ƙauye, keken ya koma jingine a zaure. A kan kwalta, yaro na raba hanya da tirela. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40.

Don haka taron keken da zai amfani Aguie, Gazawa da Gidan Runji ba na riga da ɗaukar hoto ba ne. Shi ne wanda zai koya wa ɗalibai faci da gyaran sarƙa da birki, ya haɗa yaran ƙauye ɗaya su riƙa tafiya tare, ya zaunar da iyaye, limamai da masu gari kan batun 'yan mata, ya kuma samar da rumfar ajiye kekuna a makaranta.

'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga Legas, Abidjan ko Libiya na da rawar takawa. Ana komawa makaranta a watan Oktoba. Kafin nan, ya kamata mai ƙane ko ƙanwa a gida ya tambaya: kilomita nawa ne daga ƙofar gida zuwa aji, kuma da me ake zuwa?