Horar da Gandirobobi Kan Dabarun Magana: Misali Daga Ƙasar Kabi

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa harshen gandiroba yana cikin kayan aikinsa, kuma ya kamata a koyar da shi sarrafa shi kamar yadda ake koya masa fareti.

Kafin shekarar 1968 gidajen kurkuku na Birnin Kabi da Argungu suna hannun En'e ne. Yari da mutanensa 'yan ƙasa ne, sun san harshen ɗaurarru, sau da yawa ma sun san iyayensu. Da Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidajen a wannan shekara, sai aka sami tsari guda a ƙasa baki ɗaya, amma ana iya turo ma'aikaci daga kowace jiha. Ke nan manomin fadamar Zauro, ko masuncin Argungu, ko Bafillatani makiyayi, yana iya samun kansa a hannun wanda ba ya jin Kabanci, balle Fulatanci ko Zabarmanci.

Fiye da rabin waɗanda ke tsare a Nijeriya masu jiran shari'a ne. Tambayar irin wannan mutum guda ce: yaushe za a kai ni gaban alƙali? In aka amsa masa da tsawa, ko aka ƙyale shi, ba zai yi shiru ba. Zai kai ƙorafinsa ɗaki, inda jita-jita ke yaɗuwa. Daga nan ƙin cin abinci da bore suke tasowa.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1955 sun nemi ma'aikata su iya harshen mafi yawan ɗaurarru. Da aka sabunta su a 2015, aka sa musu sunan Nelson Mandela, an ƙara da koyar da tattaunawa da sulhu. Dokar Nijeriya ta 2019 kuwa ta mai da gyaran hali babban aikin hukumar.

Saboda haka muna ba da shawarar horon ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko, sauraron ƙorafi har mai shi ya kai aya. Na biyu, faɗin dalilin kowane umurni. Na uku, gudun alkawarin da ba za a iya cikawa ba, domin magana zarar bunu ce. A riƙa gwada waɗannan a aji da Hausa, wani ɗalibi ya fito a matsayin ɗaurarre, wani a matsayin gandiroba, kafin a ba mutum mabuɗin ɗaki.