Shirin Musamman: Ciwon Ƙafar Gaba a Taraktocin Fadama

Shirin namu na yau ya leƙa gonakin shinkafa na Kadawa da Kura a Jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da noman rani. A irin wannan laka, taraktar da ƙafafunta huɗu ke ja ita ce abin nema, kamar Massey Ferguson 385 mai ƙarfin doki 85 da kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan. Sai dai lakar da take ratsawa ita ce kuma ke cin aksul ɗinta na gaba.

Daga akwatin giya ƙarfi ke fitowa, ya bi farfela, ya isa tsakiyar aksul inda ƙaramin giya ke juya babban giya mai kama da faifai. Daga nan ya rabu hagu da dama, ya ratsa kuros, wato gaɓar da ke ba taya damar juyawa ko da an karya kan sitiyari. A cikin cibiyar kowace taya kuma akwai wasu ƙananan giya, galibi uku, masu kewaya wani giya da ke tsakiyarsu suna rage gudu suna ƙara ƙarfi.

Ɓarna takan fara ne daga sil, robar nan mai tsare mai. Ciyawa ko igiyar buhu ta naɗe a jikinsa ta yanke shi, mai ya tsiyaye, ruwa da yashi su shiga. Boris ne ke fara ci, ya yi lako-lako, haƙoran giya su daina haɗuwa daidai, sai su soma ɓantarewa.

Gogaggen makanike da kunne yake fara bincike. Ƙas-ƙas a lokacin kwana, kuros ne. Kuka mai tsawo da ke ƙaruwa da gudu, giyan tsakiya ne ko boris ɗinsu. Sai ya kwance notin tsiyayar mai: idan man ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, idan da ɓarɓashin ƙarfe a ciki, haƙora sun fara lalacewa.

Wajen canji ne masu tarakta ke son rage kuɗi, nan ne kuma suke ninka asara. Ƙaramin giya da babban giyan tsakiya tare ake goge su a masana'anta, don haka tare ake canza su. Wanda ya je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo guda ɗaya ya haɗa da tsoho, ba da jimawa ba zai sake komawa. Lambar da ke jikin farantin aksul ita ake bi, domin masu ƙera tarakta da yawa sayen aksul suke yi daga wasu kamfanoni, irin su Carraro na Italiya. Bayan an ɗaura, ana daidaita tazarar haƙora da siraran washa, a shafa musu fenti a juya, a duba inda suke taɓa juna. Sil sabo ake sawa ko da tsohon bai nuna tsaga ba. Cibiyar taya tana da nata man daban da na tsakiya, kowanne sai an cika shi.

Saura wani abin kuma da ke jawo ciwon. An ƙera tayoyin gaba su ɗan fi na baya gudu, da kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari. A laka tayar kan sulɓe, bambancin ya tafi. A kan kwalta kuwa giya ne ke shan wahalar. Shi ya sa ake cire giyan gaba kafin a hau titi, ba a kuma sa tayar da girmanta ya saɓa wa na asali.

A mako mai zuwa za mu duba famfon haidurolik da ke ɗaga garma. Kafin nan, a huta lafiya.