Inda Za A Nemi Taimako In Excel Ta Cije

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai magana kan Excel, watau allon lissafin kwamfuta da Microsoft ya fitar a 1985.

Malami yakan kwana tara makin yara, sai #DIV/0! ta fito, hankalinsa ya tashi, ya ce aiki ya ɓaci. A'a. Gaya masa take yi ya raba lamba da sifiri, ko da gidan da ba kome ciki. In ##### ce, galibi gidan ne ya yi wa lambar kaɗan, sai a faɗaɗa shi. #REF! ita ce abin tsoro, gama an share gidan da lissafin ya dogara kansa. Maza a danna Ctrl da Z tun ba a yi nisa ba.

Abin da ya gagara, a danna F1, bayani zai buɗe, ko da yake galibi da Turanci. In kuwa wurin wanda ya fi ka sani za ka kai, kwafe aikin, cire sunayen mutane da albashinsu tukuna, sa'an nan ka nuna masa abin da ka rubuta da amsar da ka zata.